Bayan Azahar, Ranar Alhamis

Tun da na dawo daga Kabo abokan ɗakina suke tambayata yadda tafiyar ta kasance. Duk wanda ya tambaya sai in ce lafiya lau, in koma kan littafina. Sun san ba haka ba ne, don na fita da niyyar dawowa a ranar, sai washegari da yamma suka gan ni. Ni ba gwanin magana ba ne. In mutum uku suka zuba mini ido, rabin abin da zan faɗa a maƙogwaro yake tsayawa. Shi ya sa na rubuta. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Ina da shekara huɗu mahaifina, Malam Isa, ya rasu. Ya je duba gona ne a ƙauyensu da ke ƙasar Gammo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, zazzaɓi ya kama shi, kwana biyu aka yi masa sutura a can. Mahaifiyata tana Kano a lokacin, ko da tana can ma mata ba sa zuwa maƙabarta. 'Yan'uwansa maza biyu ne. Ɗaya ya bi shi bayan shekara uku, ɗayan yana kudu, in na tambaye shi sai ya ce, "Wajen wata bishiya ne dai." Kaburburan ƙauyen ba su da allo, ba su da suna. Damina biyu ko uku tudun ya kwanta, ya zama ƙasa kamar kowace ƙasa. Shekara goma sha takwas ke nan ban san inda ubana yake kwance ba. Ba wani abu nake so ba illa in tsaya a wurin, in yi masa addu'a ina sane da cewa shi ne a gabana.

Mutum ɗaya ya rage da ya sani, wato Malam Haladu, wanda ya fi shekara hamsin yana haƙan kabari a ƙauyen. An ce duk wanda ya haƙa wa, ya riƙe wurinsa a ka. Na aika masa ta bakin wani ɗan garin da ke sayar da hatsi a Kano. Ya aiko cewa in zo. Jarrabawa ta tsaya mini a gaba, na ce a ba shi haƙuri sai na gama. Sati uku suka wuce.

Ranar wata Litinin da yamma wayata ta yi ƙara. Ɗansa ne, Sale, wanda mai hatsin ya ba ni lambarsa, ya ce ga Baba. Muryar da ta biyo baya siririya ce, tana fita a hankali.

"Habibu ne?"

"Ni ne, Baba. Ina wuni? Ya jiki?"

"Jiki ya gode wa Allah. Jarrabawar ta ƙare?"

"Ta ƙare, Baba."

"To. Ranar Alhamis, bayan Azahar. Ka same ni, in kai ka wajen ubanka."

"Ƙarfe nawa, Baba?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ji yana cewa, "Sale, yaron nan wai ƙarfe nawa." Sale ya karɓi wayar ya ce, "Biyu muke salla. Ka ce biyu da kwata."

Dole in faɗi wani hali nawa a nan, don abokaina sun sha yi mini tsiya a kansa. Ni ɗalibin lissafi ne. A sashenmu akwai malamin da ke rufe ƙofa in an wuce minti goma da fara darasi. A wurinsa minti goma ba latti ba ne, goma sha ɗaya latti ne, ko da ƙafarka ɗaya tana cikin aji. Tun daga ajinsa na ɗauki ɗabi'ar rubuta lokaci a wani ƙaramin littafi: yaushe na fita, yaushe na isa, me ya tsayar da ni, minti nawa ya ci. Daren Laraba na tsara tafiyar. Mota ta tashi daga tashar Kabuga sha ɗaya da rabi, ta sauke ni a mahaɗar da ake shiga ƙasar Gammo ɗaya saura ashirin da biyar, babur ya kai ni ƙauyen cikin minti ashirin da biyar. Ƙarfe ɗaya ina can. Na bar wa hanya rarar minti saba'in da biyar, na ga babu abin da zai cinye su.

Sha ɗaya daidai na isa tasha. Ɗan kamasho ya ce, "Mutum ɗaya ya rage, yanzu za a tashi." Na gaya masa inda zan sauka, ya ce ba komai, ya tura ni kujerar baya can ƙurya. Mutum ɗayan nan ashe uku ne, don biyu daga cikin waɗanda na tarar a zaune 'yan tasha ne da aka ajiye don motar ta yi kama da cikakkiya. Da fasinja na gaskiya ya zo sai ɗayansu ya tuna yana da uzuri ya fita. Sha biyu da minti huɗu muka tashi. Na rubuta talatin da huɗu.

Kusa da ni wata Hajiya ce mai jiki, za ta Unguwar Tudu, ta ɗora kan keken ɗinki a cinya tana riƙe da shi kamar jariri. Ta ga ina rubutu.

"Ɗan jarida ne?"

"A'a, Hajiya. Lokaci nake rubutawa."

"Lokacin me?"

"Na tafiya."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Allah ya ba da lafiya," in ji ta, ta miƙo mini gyaɗa soyayya a hannu.

Ba mu yi nisa ba direba ya ratse shan mai, minti goma sha biyu. A wani shinge aka nemi takardun mota, ya ɗaga kujerarsa, ya buɗe ko'ina, daga baya aka same su a aljihun rigarsa, minti tara. Buhun wani fasinja ya faɗo daga but ɗin motar, albasa ta watse a kwalta, muka tsaya ana tsincewa, minti bakwai. A Rimin Gado tayar baya ta yi sanyi, mai faci yana cin abinci, ya ce sai ya wanke hannu, minti goma sha ɗaya. Na haɗa su da na tasha, saba'in da uku. Rarata ta koma minti biyu. Babu wanda ya damu a motar. Wani ma cewa ya yi yau tafiya ta yi sauri.

Biyu saura minti goma sha biyu na hango mahaɗar. Na gane ta da rumfar mai rake da Sale ya kwatanta mini. Motar ba ta rage gudu ba. Ɗan kamasho bai gaya wa direba komai ba. Direba kuwa suna cikin musu da wani Alhaji a gaba kan farashin taki, kowa na ɗaga murya. Na ce, "Akwai mai sauka." Ni kaina da ƙyar na ji. Na ce bari Alhajin ya kai ƙarshen maganarsa, kada in katse babba. Ya kai, direba ya ɗauka. Na sake faɗa, iska ta tafi da ita. Mahaɗar ta koma baya, gonaki suka ci gaba da wucewa, an yi sharar su ana jiran ruwa. Ina kallon agogo, ina jin zufa tana bin bayana, bakina ya ƙi buɗuwa yadda ya kamata. Har muka wuce allon da ke nuna an shiga ƙasar Gwarzo.

Hajiya ce ta farka daga gyangyaɗi ta dube ni.

"Kai, me kake ta motsa baki kamar mai lazimi?"

"An wuce da ni, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Minti takwas."

"Ka ƙirga, amma ba ka iya faɗa ba." Ta buga rufin motar da tafin hannu. "Direba, tsaya. Kun tsallako da ɗan mutane wata ƙaramar hukumar, yana nan yana rubutawa."

Aka yi dariya. Direba ya ce laifin wanda ba shi da baki ne. Hajiya ta ƙara mini gyaɗa ta taga, ta ce in ci ko murya ta buɗe.

Wurin da suka sauke ni babu gida, babu rumfa. Kwalta ce da rana. Minti shida na tsaya kafin wani mai babur ya ɓullo, dattijo mai furfura a gemu, da buhun wofi a ɗaure a baya. Na faɗa masa sunan ƙauyen. Ya dube ni.

"Jana'iza za ka?"

"A'a, Baba. Wajen wani zan je."

"To," in ji shi. "Hau."

Muna tafe ya ce tun hantsi yake kai mutane can, an yi rasuwa. Ban tambayi wanda ya rasu ba, don ban san kowa a garin ba. A raina na ce, to, Malam Haladu yana maƙabarta ke nan, ko ba ya iya haƙa yanzu zai je ya nuna wa masu haƙa. Can zan same shi, abin ma ya zo da sauƙi. Minti tara suka mayar da mu mahaɗar. Daga nan muka shiga burji, sannan turɓaya. A bakin garin mai babur ya tsaya ya ce nan zai juya. Agogona ya nuna biyu da minti talatin da shida. Na makara da minti ashirin da ɗaya.

Ban taɓa shiga gari da rana tsaka na same shi haka ba. Babu namiji ko ɗaya. A teburin mai shayi rediyo yana ta magana shi kaɗai, an bar kofi da cokali a ciki. Wani keke yana jingine da bango, an bar ɗaurin ciyawa a kansa. A ƙofar masallaci an shimfiɗa tabarmi har waje, sahu huɗu, ƙasan wurin alwala a jiƙe, butoci a jere, amma babu takalmi ko ƙafa ɗaya. Na yi sallama a wani zaure, muryata ta dawo mini. Ta bayan wata katanga ina jin muryoyin mata ƙasa-ƙasa, ba kuka ba, ba hira ba. Kunya ta hana ni leƙawa. Wata akuya ta fito daga zauren ta tsaya tana kallona har na kauce.

Sawun ƙafafu ne ya nuna mini hanya. Sun fito daga masallacin da yawa, sun nufi yamma da gari ta wata siririyar hanya tsakanin gonaki, babu ko ɗaya da ya dawo. Na bi su.

Maƙabartar ba ta da katanga, sai shingen aduwa da ƙaya. Sabbin kaburbura suna bakin shiga, tudunsu a tsaye. Amma mutanen ba nan suke ba. Suna can ciki, tsohon ɓangare, inda ƙasa ta lafa, ƙarƙashin wani babban marke. Sun yi da'ira. Ba a jin komai sai ƙarar shebur. Da na matsa na ga an gama rufewa, ana daidaita tudun da hannu, wani yana yayyafa ruwa daga bokiti.

Ban taɓa ganin fuskar Malam Haladu ba, muryarsa kawai na sani. Na duba tsofaffin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda ya fi kama da muryar. Aka yi addu'a, aka shafa. Mutane suka fara juyawa. Na kusanci wani mutum da ke gefe, na gaishe shi, na yi masa gaisuwar rashi, sannan na ce, "Don Allah, Malam, wanne ne Malam Haladu a nan?"

Ya dube ni. Ya dubi jakata da littafin da ke hannuna. Ya juya ya nuna mini sabon tudun da haɓarsa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Wannan ne kaɗai wurin da ban rubuta ba a duk tafiyar. Wani mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, ƙafafunsa da hannayensa duk jar laka, ya zo ya riƙe hannuna.

"Kai ne ɗan Malam Isa."

"Ni ne."

"Ni ne Sale. Da hantsi ya cika. Ya sha kokonsa, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Mun kira ka sau biyu da wayar maƙwabci, tawa ba kati."

Na tuna. Goma saura ashirin na safe wata baƙuwar lamba ta kira ni sau biyu ina guga. Ba na ɗaukar lambar da ban sani ba.

Na yi masa ta'aziyya yadda na iya. Tambayar da ta kawo ni tana bakina, amma ba a tambayar mutum irin wannan alhali lakar kabarin ubansa ba ta bushe a hannunsa ba. Muka koma gari tare da jama'a.

A ƙofar gidan aka yi zaman makoki. A Kano in an yi rasuwa a unguwarmu, akan kafa rumfa, a kawo kujerun roba, mutum ya zo ya yi addu'a minti biyar ya tafi aiki. A nan tabarma ce a ƙasa, kuma wanda ya zauna ya zauna ke nan. Mutane suna ta isowa daga ƙauyukan kewaye, wasu a ƙafa, wasu har La'asar, wasu bayanta. Na lura babu wanda ya ba da haƙurin rashin samun salla, babu kuma wanda aka ce wa ya makara. Duk wanda ya iso, "Sannu da zuwa, an gode, Allah ya ba da lada." Ni kaɗai na kawo maganar. Wani tsoho da ke kusa da ni, wanda aka ce shi ne ladanin garin, ya tambaye ni hanya. Na ce hanya lafiya, sai dai na makara da minti ashirin da ɗaya.

"Wa ya ƙirga?"

"Ni, Baba."

"To ai kai ka sani." Ya gyara zama. "Mun ma jira ka. Sale ya ce marigayi yana da baƙo bayan Azahar. Liman ya ce a ɗan saurara. Muka jira inuwa ta ƙaru da tafin ƙafa guda, sannan aka sallace shi."

Ya bayyana mini cewa shi ba ya kiran salla da agogo. Yakan tsaya a filin masallaci ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, kamar yadda ya ga ubansa yana yi. Na tambaye shi tafin ƙafa guda minti nawa ne.

"Ya danganta da wata," in ji shi. "Na bazara daban, na kaka daban. Kai naka mintin duk shekara ɗaya ne?"

Na ce ɗaya ne. Ya girgiza kai kamar na gaya masa wani abin tausayi.

Bayan La'asar na samu Sale shi kaɗai yana wanke ƙafa. Na tambaye shi ko ya san inda kabarin mahaifina yake. Ya daɗe yana zuba ruwa kafin ya amsa.

"Wallahi ban sani ba. Shekarar da mahaifinka ya rasu ina kudu cirani. Na san dai a tsohon ɓangare yake. Baba bai taɓa nuna mini ba, ni ma ban tambaya ba." Ya ajiye butar. "Ni abin da ya ɗaure mini kai ma, wurin da ya zaɓa. Shekara goma ba a haƙa a can ba, ana gudun a taɓa na da. Ran Litinin ya ce in ɗauke shi a babur. Ya sauka da sandarsa, ya yi ta takawa daga gindin marken yana ƙirgawa a ransa. Ya tsaya, ya zana da sanda, ya ce in kafa turke. Ya ce nan za a sa shi. Yau masu haƙa sun yi ta gunaguni, amma ko ƙashi ɗaya ba mu tarar ba. Kamar an auna wurin an bar masa."

"Litinin da yaushe?"

"Bayan La'asar. Muna dawowa ya ce in kira masa kai."

Na duba wayata. Kiran ya shigo biyar da minti goma sha biyu. Ban ce ya san ranarsa ba, wannan sanin na Allah ne shi kaɗai. Abin da na gani da abin da aka gaya mini nake rubutawa.

Kafin Magariba na zauna bayan masallaci na buɗe littafina. Na tasha da na hanya, saba'in da uku, duk rarata ta shanye su. Da na sauka a mahaɗar, da biyu da minti goma sha uku ina garin, da na samu sallarsa. Takwas na shiru, shida na tsayuwa, tara na komowa: ashirin da uku. Waɗannan babu direba a cikinsu, babu mai faci. Sannan na ga ko su ba su ne ba, don tun kafin in bar ɗaki mutumin ya riga ya tafi. Na juya shafi na lissafa sati ukun da na ce a ba shi haƙuri. Minti dubu talatin da ɗari biyu da arba'in. Ban taɓa rubuta ko ɗaya daga cikinsu a matsayin jinkiri ba, don babu wanda ya sa mini ƙarfe.

Sale ya hana ni tafiya. Aka sauke ni a wani ɗaki a zauren gidan, inda ake ajiye buhunan dawa. A kusurwa akwai diga da shebur biyu, da wata doguwar sandar kara mai tsage-tsage, wadda na gane ta awon tsawon kabari ce. Maƙwabta suka aiko da tuwon dawa miyar kuka, kwano ya fi goma, don gidan da aka yi rashi ba ya ɗora tukunya a ranar. Tuwon ya fi namu na gari tauri, daddawar kuma ta fi ƙarfi. Na ci kaɗan. Na kwana ina fuskantar bango, na ba sandar baya.

Da safe, bayan an sha koko da ƙosai, Sale ya ce Inna tana son ganina. Matar marigayin ce, Inna Ladi, ta shiga takaba. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Labule a sake yake, ban ga komai nata ba sai gefen tabarma. Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya.

Ta ce, "Sake magana in ji."

Na sake gaishe ta.

"Muryar Isa," in ji ta. "Shi ma sai an kasa kunne. An ce jiya kana ta cewa ka makara."

"Na makara, Inna."

"Wa ya gaya maka? Malam ya bar maka saƙo a wurina. Ya ce in ka zo yana da rai, zai kai ka da ƙafarsa. In ka zo ba ya nan, zai kwanta ya nuna maka. Ka je wurinsa. Ka san yadda ake kwantar da mamaci, fuska gabas. Wanda yake kallo, na gabansa, taku biyu, shi ne ubanka."

Sale da ke tsaye a bayana ya ce, "Inna, me ya sa ni bai gaya mini ba?"

"Kai da ba ka zama? Yau kana Gwarzo, gobe kana Kabo. Ya ce ni ba inda za ni wata huɗu da kwana goma. Duk ranar da yaron ya zo a ciki, zai same ni a ɗakin nan." Ta yi ɗan tari. "Wannan shi ne lokacin da ya ɗibar maka. Kai kuma ka zo tun ranar farko."

"To Alhamis ɗin fa, Inna? Bayan Azahar?"

"Ni ma na tambaye shi me ya sa Alhamis. Ya ce ranar mutane za su taru, ba za ka rasa mai nuna maka hanya ba. Na ce taron me? Bai amsa ba. Ku tafi tun rana ba ta yi zafi ba."

Muka tafi ni da Sale. Maƙabartar babu kowa. Tudun Malam Haladu ya fara bushewa daga sama. Ƙasar kewayensa duk sawun jama'ar jiya ne, an tattake ta ko'ina, yamma da kudu da arewa. Ta gabas, taku biyu daga tudun, akwai wani wuri da ya ɗan lotsa, tsawonsa kamar na mutum. Busassun ganyen marke suna kwance a kai yadda suka faɗo. Babu sawu ko ɗaya a cikinsa. Sawayen sun zo bakinsa ta kowane gefe sun kauce.

"Kun hana a taka nan ne?" na tambayi Sale.

"Wa zai hana? Babu wanda ya sani." Ya tsuguna ya duba. "Ni kaina a nan gefen na tsaya jiya. Ban san me ya sa ban taka ba."

Na cire takalmina. Na tsaya, na yi wa mahaifina sallama, na karanta abin da na iya, na roƙa masa gafara, na roƙa wa wanda ke kallonsa. Sale ya koma gindin marke ya ba ni wuri. Da na gama ya taimake ni muka ɗauko wani baƙin dutse daga bakin shinge muka kafa ta wajen kai. Na auna daga gindin bishiyar da tafin ƙafata, talatin da ɗaya zuwa dutsen, na rubuta, na zana marken da shingen da inda rana ke fitowa.

Sale yana kallon rubutun ta kafaɗata.

"Ka sa na Baba a ciki?"

"Ban sa ba."

"Sa shi. Damina uku, nasa ma zai kwanta. Ni ban iya riƙewa a ka kamar shi ba." Ya goge hannunsa a riga. "Yanzu mu biyu muka sani, ni da kai. In na riga ka, kai za ka kawo 'ya'yana ka nuna musu kakansu."

Na ce to. Na koma na auna taku biyun nan da tafin ƙafa, daga dutsen ubana zuwa tudun ubansa, na rubuta sunayensu biyu a shafi ɗaya. Sale ya ce in yage masa kwafi. Na kwafa a sabon shafi na ba shi, ya ninke ya sa a cikin hularsa.